Ashe Turawa Ma Sun San Kara

Daren Lahadi, Kura.

Yau a gidan kallo, ɗan wasan gaban nan na Sifaniya, wanda ya taɓa ciyo wa ƙasarsa kofi, ya zura wa tsohon kulob ɗinsa ƙwallo. Muka tashi da ihu, shi kuwa ya tsaya cik, ya ɗaga hannu biyu kamar mai neman gafara.

Na tambayi abokina Sani, "Lafiyarsa kuwa? Ba aikinsa ya yi ba?"

Ya ce, "Ai su suka rene shi tun yana yaro. Al'adarsu ce."

Ikon Allah! Ashe Turawa ma sun san kara? Ko dai don kyamara ce? Da zan gan shi, da na tambaye shi.

Ni kuwa da safe, layin ban ruwa na zuwa kaina, na datse ruwan Kawu Isa na juya shi gonata, alhali shinkafarsa ba ta gama sha ba. A gonar nan ya koya mini riƙon fartanya. Haƙƙina ne, na sani. Amma har da fito nake yi, yana tsaye yana kallona.

Gobe daga masallacin Asuba sai ƙofar gidansa.