Kwagirin da ka aiko wa Baba

Kahu, 18 ga Mayu, 1959

Zuwa ga Yaya Ishiyaku, a Inugu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Ramlatu da yara, ya kuma tsare ka a aikinka na jirgin ƙasa. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, Maijidda ta yaye ɗanta, ruwa ya sauka sau biyu amma ba mu yi shuka ba. Da hannuna na rubuta, ban je wurin mai rubuta wasiƙa a kasuwar Rano ba, don shi zai sassauta maganar, ni kuwa ba na so a sassauta ta. Yaya, Baba yana kwance, kuma sai dai ikon Allah.

Ka san gorarsa mai ƙarfe a gindi, wadda amininsa Hammadu Bafulatani ya ba shi tun suna samari. Da ita yake dogarawa, da ita ya kori ɓarayi biyu a hanyar Lausu. Ya sha nuna mana cewa ba a ɗaga sanda sama, hannu biyu ake sa mata a zunguri abu a hanci, ana ja da baya har a jingina da bishiya. To da kwagirin nan mai sheƙi da ka aiko masa ya iso da azumi, sai ya jingine gorar a bayan rumbu. Na ce masa wannan sandar akawu ce, ko akuya ba za ta kora ba. Ya ce in rufe masa baki, yaron nan ya tuna da shi daga ƙasar da ko yarensu ba ya ji. Ka san ba ya kama sunanka.

Jumma'ar bayan Salla yana dawowa daga masallacin Kibiya shi kaɗai, mahaukacin kare ya fito masa daga cikin sabara. Ya yi duk abin da ya sani. Zungura ta farko ta sami hanci, ta biyu kwagirin ya karye gida biyu, karen ya kama shi a sha-raɓa. Da guntun da ya rage a hannunsa ya soke shi a baki har ya sake shi. Tsohon da ya haura saba'in! Da gorarsa ce, wallahi ko rigarsa karen nan ba zai taɓa ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Ya shigo gida ya ce wa Inna shingen ƙaya ne ya yanke shi, ya cusa guntayen cikin jinkar ɗakinsa, ya ce ya ajiye kwagirin ne sai ranar biki. Don kada a ce kyautarka ba ta da ƙarko, kada magana ta bi gari har ta same ka, ya ɓoye cizon wata guda. Shekaranjiya zazzaɓi ya rufe shi, Inna ta miƙa masa ruwa ya kau da kai yana kakkarwa, sannan ya gaya mini gaskiya. Na tafi Rano a kan keke, malamin asibiti ya ce da mun zo a makon farko akwai allura a Kano, yanzu kuwa addu'a. Na yi wa Baba tsawa a gaban Inna, na faɗi maganganun da har in mutu ba zan daina jin kunyarsu ba. Shi kuwa sai ya roƙe ni kada in gaya maka.

Ga shi na gaya maka, don in na ce zazzaɓi ne za ka jira hutun ƙarshen shekara. Ban ɗora maka laifi ba, ko da yake daren jiya na ɗora. Ka hau jirgi ranar da ka karanta wannan. Baba ya sa na kai wa maƙeri guntayen, an ɗaure su da ƙarfe, kwagirin yana jingine kusa da kansa yana jiranka. Idan Allah ya sa ka same shi yana gane mutane, kada ka dubi wurin ɗaurin. Ka ce ka ji daɗi da yake riƙe shi.

Inna tana gaishe ka. Maijidda da Gwaggo Laraba suna gaida Ramlatu da yara. Hammadu yana zaure tun jiya, ya ce ba ya tashi sai ka zo.

Ni ne ƙanenka,
Mika'ilu