Idan Waƙa Ta Yanke

Beypore, farkon Rajab

Zuwa ga Yayata Bichamina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Busasshen kifin da kika aiko ta jirgin tsibirin Androth ya iso, Allah Ya saka da alheri.

Yaya, an gama sabon jirgin da ke filin ƙira na wanmu Yaya Imbichi. Da kin gan shi sai ki ce bene ne ya kwanta a bakin kogi. Kakanmu jiragen filafili ya ƙera, su kai katako da barkono, su dawo da dabino. Babanmu ya ƙara da na masunta masu inji. Yanzu Yaya Imbichi na shaƙatawa yake yi wa Larabawa, wani da inji, wani da filafili, wannan kuwa duka biyu aka haɗa masa, har da ɗakunan kwana. Shankaran kafinta ya ce tun da ya fara riƙe gizago bai taɓa yin mai faɗin ciki kamarsa ba. Faɗin nan ne ya hana ni sukuni.

Kin daɗe da barin gida, bari in tuna miki. Majaya, masu jan jirgi zuwa ruwa, suna murɗa igiya a turke, Moidu yana ba da waƙa suna amsawa, jirgi yana mirginawa kan gungume. In ya rufe baiti da salati sai a tsaya, mutum ɗaya ya shiga ƙarƙashi ya gyara gungumen, ya shafa masa kitse. In ya ji bisimilla sai ya fito, a ci gaba da ja. Moidu ba ya ganinsa daga turke. Ran mutumin nan a nasa kunnen yake. Kin kuma san wane ne mutumin: maigidana, baban ɗana Alikoya.

Yaya, kunnen baban Alikoya ya tafi. Na fara lura ne da kiran salla: sai ya ga na shimfiɗa tabarma sannan ya miƙe. Da na matsa masa, ya ce a jan bara ƙafafun mutane ya riƙa kallo, da sun motsa sai ya fito. Ƙarƙashin wannan jirgin babu ƙafar da zai hango. Na faɗa masa haka. Ya yi dariya ya ce matar da ke jin tsoron ƙaguwa ce za ta koya masa jan jirgi. Daga nan fuskarsa ta sauya, ya sa na rantse da Allah ba zan gaya wa kowa a filin ba. Na rantse, Yaya, don ban taɓa ganin idonsa ya yi haka ba.

Ba kuɗi yake ji ba. Gurbin nan na gidansu ne tun kakansa, kuma yana ganin ranar da ya fita shi ke nan an naɗe shi kamar tsohuwar igiya. An sa ranar ja kafin azumi, lokacin cikar ruwa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki mai kewarki,
Kunhipathu


Beypore, farkon Sha'aban

Yayata abar ƙaunata,

Sallama da gaisuwa irin ta addini. Amsarki ta iso, na karanta har na kusa haddace ta. Ina taya ki murnar yaye jikar.

Kin tuna mini abin da malaminmu ya karantar da mu, cewa wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Na sani, Yaya, tsoro ne ya rufe mini shi. Ranar Juma'a na dafa shinkafa da miyar kifi na aika wa miskinai goma a ƙofar masallaci, na yafa mayafi na tafi filin na gaya wa Yaya Imbichi.

Yaya Imbichi bai yarda ba da farko. Ya ce surukin nasa da ma can ba ya jin magana, musamman tawa. Amma da rana ya tsaya bayan baban Alikoya ya kira sunansa, ya sake kira da ƙarfi har kafintoci suka ajiye guduma. Bai waiwayo ba. A gaban kowa aka yi. Ban so haka ba, Allah Ya sani.

Ga abin da ban yi tunani ba. Na zaci za a ba wani daga cikin majaya. Ashe gurbin ba ya barin gida: in uba ya fita, ɗa ne ke shiga. Alikoya kuwa wajen injuna ya fi zama, sau ɗaya ya taɓa bin ubansa ƙarƙashin wani ƙaramin jirgin masunta. Moidu ma sai da ya tsokane shi, wai a yi wa ɗan inji taya a ciki ya riƙa mirginawa. Alikoya ya yi murmushi ya ce ya karɓi gurbin. Suhara matarsa ga ta nan cikinta ya tsufa, ta daina haɗa ido da ni.

Baban Alikoya bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dube ni ya ce, "Kin cire tsoho, kin sa yaro." Tun ranar bai ƙara ce mini uffan ba. Yana cin abin da na ajiye, ya wanke hannu, ya fita. Da yamma nakan hango su a tsakar gida, ya kwantar da ɗan a ƙasa yana nuna masa yadda ake ja da baya da gwiwar hannu.

Yaya, na cire hannun dama daga wuta na sa na hagu. Ki gaya mini ko na yi daidai, ni kam na kasa sani.

Taki har kullum,
Kunhipathu


Beypore, ƙarshen Sha'aban

Yaya Bichamina,

Aminci ya tabbata a gare ki da mutanen gida. Kada in bar ki da fargaba: jirgi yana kan ruwa, Alikoya yana raye. Ga yadda aka yi.

Kin san mu mata ba ma zuwa bakin kogi ranar ja. Daga madafa muke sauraro, kamar yadda Umma take yi. Muddin baiti ya rufe da salati, lafiya. In ya yanke a tsakiya, hatsari ya samu wani.

Ranar da aka fara ja, baban Alikoya bai fita ba, ba ya son kallon tausayi. Ina gurza kwakwa sai ga shi a ƙofar madafa, mutumin da bai taɓa sanin inda tukunya take ba. Ya zauna kan kujerar tsugunno kusa da ni. Can ya ce, "Suna waƙa?"

Na gyaɗa kai. Ba a jima ba ya sake tambaya, ya kuma sake. Sai na goge hannuna na kama nasa, duk amshin da majaya suka yi in matsa masa tafi. In an kai salati in riƙe shi tsam. Haka muka wuni, haka muka yi washegari. Ya ce ashe abin da nake sha ke nan tun da ya aure ni. Ban amsa ba, ko na amsa ba zai ji ba.

A ranar ƙarshe bayan azahar, ana tsakiyar baiti, waƙa ta yanke. Babu salati. Na ji wata ƙara kamar an sare bishiya, sai hayaniya, sai shiru. Suhara ta saki faranti a ɗaki. Shi kuwa idonsa a rufe, yana jiran matsi na gaba.

Yaya, na matsa. Na ci gaba da matsa masa hannu daidai yadda waƙar take tafiya, ina rera ta a zuciyata, alhali babu komai a iska sai kukan hankaki. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san na kai salati na sake ɗauko baiti daga farko. Daga nan na ji bisimillar Moidu, aka amsa. Kafin la'asar kabbara ta tashi.

Igiya ce ta tsinke, jirgin ya zame gefe. Alikoya ya riga ya fito saura hannun hagu, gungume ya kama masa yatsu biyu. An ɗaure a asibiti, sun ce ɗaya ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Ya shigo yana nuna wa matarsa, wai yanzu ya zama cikakken ɗan gidansu.

Da ubansa ya ga ɗaurin sai ya juyo ya dubi hannuna. Ya daɗe yana duba. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Ke kika fi ni karatu. Harshena bai yi ƙarya ba, hannuna ne ya yi, kuma na san ba a raba su ranar hisabi. Ina ta istigfari, amma in na tambayi zuciyata ko ta yi nadama sai ta yi shiru. Ki rubuto mini abin da ya hau kaina.

Shankaran ya riga ya kafa ƙashin bayan wani sabon jirgin, wai bayan damina za a ja shi. Baban Alikoya ya bar kujerar nan a madafa, ya ce kada a ɗauke.

Allah Ya kai mu azumi lafiya. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Kunhipathu