Billen Inna

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Shafin makaranta ya sake ƙin karɓar hoton fasfo ɗina. Wai ya yi nauyi. Hoto ne ko buhun shinkafa? Rauda 'yar ajinmu ta nuna min wani shafi a intanet. Ka saka hoto, ya rage masa nauyi, ya mai da shi PDF idan kana so, har bangon ɗakinmu ya cire ya sa fari tas. Rajista ta shiga. Ban gane yadda abin yake yi ba, na dai danna.

Laraba, 8 ga Janairu

Bakina ne ya ja min. Na nuna wa Baba da ya dawo daga ban ruwan tumatir, ƙafarsa duk taɓo. Ya kalla ya kalla, sai ya shiga ɗaki ya ciro hoton marigayiya Inna daga bango. Shi kaɗai muke da shi. Tana tsaye a bakin kanal ɗin ban ruwa da kwando a ka, ruwan damina ya taɓa shi, fuskar ta dushe.

"To gyara mana wannan, ko Hidaya ta ga uwarta sosai."

Ƙanwata Hidaya ba ta san ta ba, tana goye aka yi rasuwar. Na ce an gama, kamar wata gwana.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na ɗauka da waya, gilashin yana ƙyalli. Na ce bari in zare hoton in ɗauka da kyau. Ashe ya manne. Fuskar ta biyo gilashin, ta dagargaje kamar ɓawon albasa.

Na tura gilashin ƙarƙashin katifa.

Asabar, 11 ga Janairu

Saura mai ƙyallin da ke waya. Rauda ta ce akwai wurin da ake dannawa ya farfaɗo da tsohon hoto. Sabis ya ƙi, sai da na hau gadar kanal. Ya yi ta juyawa, can sai ga mace ta fito.

Kyakkyawa ce. Kallabin na Inna ne, kwandon nata ne, har ruwan bayanta. Amma fuskar sumul. Inna tana da bille, tsaga ɗaya a kumatu, ina taɓa shi ina ƙarama. Abin ya ɗauka ƙarzuwa ce ya goge.

Na koma neman na farkon. Babu. Waya ta ce ta cika lokacin da nake sauke sabon, na yi ta share hotuna ban duba ba. Wayyo ni.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ban ci tuwo ba. Na ce ciki ne.

Talata, 14 ga Janairu

Na gano shafin yana da wani abu kamar alƙalami, ana iya zane a kan hoto. Sai in mayar mata da billenta, shi ke nan. Na ɗora yatsa, na tsaya. Hagu ne ko dama?

Na tambayi Baba cikin dabara yana ɗaure kwanduna. Ya ce hagu mana. Na fara tafiya ya ce, "Tsaya. Hagunta ko haguna?" Ya daɗe bai ɗaure kwandon ba.

Gwaggo Kulu, yayar Inna, ta ce dama, ta rantse, wai tana wurin wanzami ya yi. Amma Gwaggo har sunan jikokinta tana haɗawa. Na zana a hagu, ba ita ba ce. Na zana a dama, ba ita ba ce. Na goge duka.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na faɗa wa Baba komai, na kawo masa gilashin. Na so ya yi faɗa. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya ce Allah ya ji ƙanta, ya fita masallaci da wuri.

Hidaya kuwa ta ga sabon a wayata. Ta ƙwace ta zauna a kan turmi. "Yaya, ashe haka Innarmu take da kyau?" Na buɗe baki in ce ba haka take ba. To yaya take? Me zan nuna mata?

Litinin, 20 ga Janairu

Baba da kansa ya kai sabon hoton aka wanko shi a Kura. Ya rataye a ƙusar da tsohon yake. Ba na jin yana kallonsa, Hidaya ce ke goge shi kullum. Ni haushin matar nake ji, ta zo ta zauna mana a bango.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Tumatir ya nuna, gida duk kwanduna. Rauda ta turo in mai da mata takardun aikin makaranta PDF, na yi mata a tsaye. Na iya yanzu.

Ɗazu ina sharar ɗakin Baba na ɗaga kai, na ji na ce, "Inna, na tafi makaranta." Ba kowa a ɗakin. Ba komai ba ne, baki ne kawai.

A adaidaita na rufe ido in ga fuskarta ta gaske. Ta bangon ce ta zo. Na taɓa kumatuna na hagu, sannan na dama.