Ɗan Mai Aski Da Ba Ya Son Ƙarar Inji

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni mai aski ne, ina da ɗa guda ɗan shekara huɗu. Kwanakin baya likita a asibiti ya ce yana da galahanga, lalurar da ake kira autism. Ba ya magana, kuma da ya ji ƙarar injin aski sai ya toshe kunne yana ihu. Ɗan mai aski da suma buya-buya! Har kwastomomi na tsokanata wai ko kuɗin askin ne ya gagare shi.

Asibitin na da wani zama da iyayen irin waɗannan yara ke yi. Na je ina jan ƙafa, na tarar ni kaɗai ne namiji. Amma wallahi can na fara samun sauƙi. Wata uwa ta ce in ajiye inji, in zuba masa ruwa a roba ya yi wasa, in bi shi da almakashi a hankali. Na gwada, ya zauna, har na yi ƙwalla. Yanzu iyayen sun roƙe ni in riƙa aske nasu yaran a ɗakin taron, don ko'ina suka je aski koro su ake yi.

Matata ta ce sam. Ita ba ta taɓa leƙa zaman ba. Danginta ma ce musu take jinkirin baki ne kawai. Tana ganin in na fara, zancen zai kai shagona, daga nan ya kai unguwa. Ta daina fita, ta rame, ta ce in zaɓa, ko zaman ko zaman lafiyarmu. Ba na so in rasa ko ɗaya. Yaya zan yi?

Mai almakashi

Ɗana mai almakashi,

Kada ka bar zaman. Uban da ya samu inda zai sauke nauyi ya fi amfani a gida. Amma matarka ma tana da gaskiyarta. Kai kana fita shago ka sha iska, ita ke wuni da yaron, ita kuma za a fara nuna wa yatsa in zancen ya fita. Tsoro ne ke cin ta, ba taurin kai ba.

Na kuma lura da abu ɗaya: ka samu abokan kuka, ka bar ta ita kaɗai. Ka fara gyara wannan. Ka dakatar da askin sauran yaran tukuna, ka gaya mata saboda ita ka dakatar. Kada ka ja ta zuwa taro. Ka nemi izinin matarka don uwar nan da ta koya maka dabarar ruwa ta zo gaishe ta, kai kuma ka ɗauki yaron ku ba su wuri. Ramar nan da ƙin fita, ta ga likita a kansu.

Sannan ku zauna ku tsara wa za ku gaya wa, da me za ku ce. Ɓoyo ba zai ɗore ba, yaro girma yake yi, amma ita ma tana da haƙƙin zaɓar lokaci.

In sumarsa ta sake taruwa, kada ka aske shi kai kaɗai. Ka ce ta zo ta riƙe masa robar ruwan, ta ga ɗanta zaune lafiya da idonta. Allah ya raya muku shi, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa.

Gwaggonku