Allon Kawu Illiya

Litinin, 3 ga Mayu, 1976

An miƙa mini aikin fassara allunan talla na Zango. Sabuwar dokar alluna ta hana abu biyu: batsa, ko a zane ko a rubuce, da alkawarin da mai kaya ba zai iya cikawa ba. Allunan Faransanci kowa a biro, wato ofishinmu, yana karanta su. Na ajami kuwa, ni kaɗai. Mushe Ilbudo ("Monsieur" ke nan a bakinmu), shugaban kwamitin alluna, ya ce ba ra'ayina yake nema ba. Fassara yake so, kalma da kalma, in sa hannu a ƙasa. Na ce abin da na yi shekara huɗu ina koyo a Dakar ke nan. Alluna ashirin da bakwai ne. Idan na kammala ba tare da kuskure ba, za a tabbatar da ni a kujerata a watan Yuli.

Laraba, 5 ga Mayu

Na zaga da littafina. Ɗantani tela ya zana mace da siket wanda bai kai gwiwa ba. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Mushe, zan ƙara mata yadi. Fenti ya fi atamfa araha."

Allo na goma sha huɗu na Kawu Illiya ne, ƙanen Inna, wanzami kuma mai magani, dab da inda direbobin Nijar ke ajiye manyan motocinsu. Ga abin da ke kai: "Maganin sanyi. Sha ka samu lafiya a kwana biyu, da ikon Allah." Ya ba ni kujera, ya ba ni goro. Na karɓi goron, ban zauna ba. Zumunta daban, aiki daban.

Jumma'a, 7 ga Mayu

Kwamiti ya zauna. Na gaya musu gaskiya: sanyin da ke allon ba na iska ba ne, ciwon nan ne da namiji ke ɗaukowa ya kasa faɗa. Mushe Ilbudo ya ɗaga alƙalami zai rubuta batsa. Na roƙi a saurare ni. Na bayyana cewa Bahaushe ya zaɓi wannan kalma ne domin ta zama sutura. Uwa za ta wuce da 'yarta ƙarƙashin allon ba wanda zai sunkuyar da kai. Sai an juya ta zuwa Faransanci ne take tuɓewa. Sun gamsu. Ina jin ban taɓa yin jawabi mai tsari kamar na yau ba.

Sannan ni da kaina na nuna musu layi na biyu, wanda ba su lura da shi ba. Na rubuta: warkewa cikin kwana biyu. Babu likitan da zai yi wannan alkawari. Da na yi shiru, da an ce na rufa wa ɗan'uwa asiri.

Talata, 11 ga Mayu

An cire allon. An rufe shagon har zaman ranar 24, inda za a duba ko a karɓe masa takardar izini ɗungum. Ban zaci zai kai haka ba. Amma ba ni na yanke ba. Ni fassara na yi.

Alhamis, 13 ga Mayu

Na gaida Kawu a bakin masallaci. Ya amsa cikakkiyar amsa, har da tambayar aiki. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 15 ga Mayu

Inna ta aiko in zo. Na tarar tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari, amma yau ko "kai" ɗin ma da ƙyar ta fito.

Ta ce, "Me ka ce musu an rubuta?"

Na faɗa.

"Kwana biyu. Ɗaya, biyu?"

Na ce haka yake a rubuce.

"Da ubanka ya tafi fataucin goro ya ce mini sai kwana biyu, wata bakwai ya yi. Ban kai shi ƙara ba."

Na bayyana mata cewa magana a baki daban take da magana a allo. Abin da aka rubuta don jama'a, lamba lamba ce. Ta ce, "Wace jama'a? Mossi na karanta ajami? Nasara na karantawa? Duk wanda ya iya karanta allon nan ya san Hausa. A duk Zango kai kaɗai ka ƙirga."

Hujjata tana nan daram. Na yi mata sallama na fito.

Lahadi, 16 ga Mayu

Ba wai ban san yadda ake faɗar kwana biyu ba. Ni ma ina faɗa. Abin da na kasa tunawa shi ne ko ya zo mini a rai ranar Jumma'a. Ina tsammanin idona ya karanta da Hausa, kaina ya ji da Faransanci.

Laraba, 19 ga Mayu

Mai ilimi ba ya dogara da zato, saboda haka na je wurin direbobi na tambayi mutum tara, ɗaya bayan ɗaya: idan mai magani ya ce a kwana biyu, kwana nawa suke sa rai? Huɗu sun ce mako. Uku sun ce sai kwalba ta ƙare. Ɗaya ya ce yadda Allah ya so. Mani, wani dattijon direba daga Maraɗi, ya dube ni tun daga takalmi har wuya ya ce, "Mushe, ai ba laifi ba ne. In kai ne ke fama, je ka asibiti kawai, ba mai jin labari." Sauran suka fashe da dariya. Na rufe littafina cikin natsuwa.

Ba wanda ya ce biyu.

Ko maganin na aiki, wannan wata tambaya ce, kuma ina da shakka. Mani ya ce wanda nasa ya yi tsanani Kawu da kansa ke kora shi wurin likita. Amma ba wannan aka tambaye ni ba, kuma ba a kansa aka rufe shagon ba. A kan layin da na sa wa hannu aka rufe.

Asabar, 22 ga Mayu

Na rubuta takardar gyara sau biyar. A huɗun farko na sa "ana iya fahimtar jimlar ta wata fuska". A ta biyar na sa "na yi kuskure". Ita ce mafi gajarta, kuma ita ce daidai.

Litinin, 24 ga Mayu

Na karanta ta a tsaye. Mushe Ilbudo ya cire tabarau ya ce, "Wato a harshenku biyu ba biyu ba ce?" Na ce biyu biyu ce, sai idan ta biyo bayan kwana. Wani tsohon magatakarda ya yi masa magana da Mosanci, yarensu, ya ce su ma a gaisuwa suna faɗin makamancin haka. Mushe ya yi ɗan murmushi.

An yanke a mayar wa Kawu takardarsa da allonsa. An kuma rubuta a fayil ɗina cewa za a sake duba dukan fassarorina, maganar Yuli kuma ta koma sai baɗi. Hukuncin bai wuce ƙa'ida ba. Da ni ne a kujerar Mushe Ilbudo, haka zan yi.

Asabar, 29 ga Mayu

Masinja ba shi da lokaci, shi ya sa na ɗaura allon a bayan mobilet, ɗan babur ɗina, na kai wa Kawu da kaina. Ba don wani dalili ba.

Kawu na wasa aska. Ya duba allon gaba da baya, ya shafa gefen da ya ɓantare. Bai yi godiya ba, ban ba da haƙuri ba. Ya ce, "Zailani, riƙe mini tsani." Na riƙe, da kwat ɗina da komai, direbobi na kallo. Da ya sauko ya tura mini kujera da ƙafa, na zauna. Ya ce sumata ta yi yawa. Na bar shi ya aske.

Saura alluna goma sha uku. Daga Litinin zan riƙa tambayar mai allo abin da yake nufi kafin in rubuta. Wannan gyaran tsarin aiki ne kawai.