Layin Da Aka Ce Ba A Gani

Litinin, 4 ga Agusta, 2003
Baba ya sa ni koyon kwamfuta a kafen intanet na Anti Bridget a Sabon Gari, wai tunda na gama sakandare kada littattafan soyayya su ruɓar da ni. Tsohuwar kwastomarsa ce, shi ya sa ya yarda in riƙa ƙetarowa daga Fagge. Ɗaki kamar akurki, warin janareta, samari na danna kwamfuta da yatsa ɗaya kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. A littafi, a irin wurin nan ake haɗa ido da wani. Na duba. Babu wanda ya cancanci ko rabin shafi.

Laraba, 6 ga Agusta
Aikina: shafin intanet na shagon Baba na Kantin Kwari. Duk abin rubutawa a duniya, sai atamfa.
Yau aka zo kan abin da Anti ke kira meta tag. Wasu layuka ne a can saman shafi, a ɓoye. Mai kallon shafin ba ya ganinsu, injin bincike ke karantawa don ya san me ke ciki. Layin bayani, da layin kalmomin da mutane za su nema. Ta ce min, "Rubuta abin da kuke sayarwa, Yakaka, kamar mai kiran ciniki." Ni, kiran ciniki. Ta fita duba janareta.
Tunda ba a gani, na rubuta: Ina jiran wanda zai gane ni ba sai na yi magana ba. A layin kalmomi na zuba masoyi, soyayya, ƙauna, bege. Ta dawo, ta duba hotunan shadda, ta ce sun yi kyau, ta tura shafin.

Asabar, 16 ga Agusta
Ruwa, taɓo, NEPA ta ɗauke wuta. Na gama littafi, na aro wani.

Laraba, 27 ga Agusta
Sabuwar salular Baba, wadda lambarta ke kan shafin, ta hana shi sakat da kira da filashi. Wani ya ce, "Alhaji, ba ni mai jiran." Wani ya rera masa waƙa. Baba na ta faɗa a tsakar gida, wai 'yan iskan gari sun samu lambarsa. Na ture kwanon tuwo na shige ɗaki.
Waɗannan ne masu gane mutum? Masu filashin?

Alhamis, 28 ga Agusta
Baba da kansa ya kai ni kafe. Wani cikin masu kiran ne ya faɗa masa kalmar da ya nema. Anti ta buga kalmar masoyi a injin bincike, ga mu a sama, don shafukan Hausa ba su da yawa. Sunan Baba, Alhaji Mala, ƙarƙashinsa maganata. A gaban masu yatsa ɗayan nan.
Da ƙyar na ce, "Anti, ke kika ce ba a gani."
"A shafin na ce. To injin da me zai tallata ki, in ba da abin da kika ba shi ba?"
Baba ya ce karatu ya ƙare, in ɗauko jakata. Anti ta ce, "Haba Alhaji, layin da ya kawo mahaukata ai zai kawo masu saye. Bar min ita zuwa ƙarshen Satumba." Ya ce in mai saye bai kira ba, sai zaman gida. Ko a jikina. Wa ke son akurki.

Asabar, 30 ga Agusta
Anti ta ce ba zan taɓa kwamfuta ba sai na yini a shago na ji yadda mutane ke tambaya. Na zauna kan dila a Kwari, 'yan dako na taka min ƙafa. Na shirya "tufafi masu sanyaya zuciya". Babu wanda ya faɗi haka. Mata na cewa, "Akwai ta anko?" "Kayan lefe muke haɗawa." "Sari nake so." Mutane ba su da azanci ko kaɗan. Amma dai na riƙe.

Litinin, 1 ga Satumba
Na goge nawa. Na rubuta: Atamfa da shadda a Kantin Kwari, Kano. Anko, kayan lefe, sari da ɗaiɗai. Anti ta karanta ta ce, "Yauwa." Shi ke nan, yauwa. Saura injin bincike ya sake zagayowa ya karanta sabon layin, kuma ba ya gaggawa don kowa.

Juma'a, 12 ga Satumba
Mai waƙar nan ya sake kira.

Talata, 23 ga Satumba
Wata Hajiya ta kira daga Abuja, ankon bikin 'yarta. Ɗanta ne ya nemo mata a ofis. Baba ya shanye shayinsa, sannan ya ce min, "Layin nan naki. Ki ƙara leshi."
Na ce, "Ba a cusa komai a layi ɗaya, Baba. Leshi shafinsa daban za a yi masa, da nasa bayanin." Ya tsaya yana kallona. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba.
Har yanzu wurin akurki ne. Littafin aron yana ƙarƙashin filo, na bar saurayin labarin a tashar jirgi tun makon jiya, ya jira. Asabar zan leƙa Kwari, don kawai in ji yadda suke tambayar leshi.