Iyayen Ɗalibaina Za Su Yi Wa Turanci Sauka

Assalamu alaikum Gwaggo Laraba. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin farin ciki ne ya same ni, kuma shi ne ya hana ni sakat.

Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata a Bukkuyum. Da aka ba ni aji huɗu, na shiga da littafi na ce wata ta tashi ta karanta mana. Gwaggo, aji ya yi tsit. 'Yan mata manya, sun iya kwafe duk abin da aka rubuta musu tsaf, amma ba su san me hannunsu ya rubuta ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi a ofis.

To, ni ɗiyar malamin allo ce, a zauren Babana na yi wayo. Wata rana ina wucewa na ji yaransa suna biya babbaƙu, sai na ce af, ai ɗalibaina ma ta nan suka bi, kuma babu wadda ba ta karanta Alƙur'ani. Ashe ba kan ne babu ba. Sai na ajiye littafin na bi da su hanyar da suka sani: baƙaƙe tukuna da sautinsu, sannan mu haɗa da wasula kamar farfaru. In biya, su amsa, kowa ta zo ta biya nata a gabana kafin in ƙara mata. Ajin ya koma kamar kasuwa, har shugabar makaranta ta leƙo ta ga ko dambe ake.

Akwai wata Mardiyya, 'yar ƙauyen Yargalma. Tana jinjira aka yi gubar dalma, ta sha magani Allah ya raya ta, amma tun daga nan kowa ya yanke cewa kanta ba ya ɗauka, har ita ma ta yarda. Da hutun nan ta ɗauki kwalbar maganin awakinsu ta karanta wa innarta abin da ke jiki, ta fassara mata yadda ake ba su. Innar tata, Dija, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu. Wallahi da aka ba ni labari sai da na yi rawa a ɗakina.

Daga nan wanga al'amari ya taso. Dija ba ta da kai zuciya nesa in tana murna. Ta bi iyaye mata gida gida, wai tunda yara sun yi babbaƙu sun yi farfaru sun ƙare littafin farko, sai a yi musu sauka. Saukar Turanci fa, Gwaggo! Har sun fara tara shinkafar masa, ana maganar anko. Kuma sun yanke Babana ne zai yi addu'a tunda hanyarsa aka bi, Dija ta ce da ƙafarta za ta zo gayyatarsa.

Baba mutum ne mai sanyi, amma ba ya wasa da abin da ya shafi Alƙur'ani. Ko allo aka jingine a juye sai ya tashi ya gyara. Da ƙyar ya bar ni na karanta Turanci a kwaleji, 'yan uwansa suna ta yi masa surutu, kuma bai san da hanyarsa nake koyarwa ba. In ya ji saukar Turanci a bakin wata, tsoro nake ya ga na mai da karatunsa abin wasa ya ce in ajiye aikin, ni kuma ba zan saɓa masa ba. Na gaya wa Innata, dariya kawai ta yi ta ce babu ruwanta, amma a tuna da ita wajen rabon masa. In kuma na hana taron, da wane ido zan dubi Mardiyya? Ba a taɓa taruwa dominta ba sai ranar da ake zaton ba za ta tashi ba. Yaya zan yi?

Ɗiyar Malam, Bukkuyum

Wa alaikumus salam ɗiyata. Guɗar Dija har nan na jiyo ta, ni ma na taya ta. Barka da wannan aiki, Allah ya yi miki albarka.

Tsoronki yana kan hanya. Sauka ba suna ba ne da ake ba kowane biki, kuma Malam yana da haƙƙin ya kishi kalmar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta. Amma kada ki ga laifin Dija. Baiwar Allah ba ta san wata girmamawa da ta fi sauka ba, shi ya sa ta ɗauko ta don ɗiyarta. Sunan za a sauya, taron yana nan. Ki same ta ki yi mata godiya tukuna, sannan ki ce walimar godiya za a yi, ba allo, ba karin karatun Alƙur'ani, ba abin da zai yi kama da sauka. Matar da ke cikin irin wannan murna ba za ta yi miki gardama kan suna ba.

Sai dai kafin Dija, ki riga ta zuwa wajen Malam. Kada ki aiki Inna, ki je da kanki bayan ya sallami yara, ki durƙusa ki faɗa masa komai. Ki fara da ajin da ya yi tsit, ki zo kan abin da kika jiyo a zaurensa, ki ƙare da kwalbar maganin awaki. Maganar sauka ma ki faɗa, ki ce ke ma ba ki yarda da ita ba, sunan za a sauya. Ki roƙe shi ya duba hanyar taki ya gyara miki inda kika karkace. In ya ce ba zai je taron ba, kada ki matsa, addu'arsa daga zaure ta isa. Ban ce ba zai ɗaure fuska ba, amma ɓoyewar ce za ta fi ɓata masa rai.

Su kuma 'yan matan ki gaya musu yanzu aka fara. Ki nemo musu ƙananan littattafan labari, su riƙa karantawa kullum, don jarrabawar fita tana gaba.

In Malam ya yarda, ki kai masa Mardiyya da innarta, yarinyar ta karanta a gabansa. Mutumin da ya tsufa yana jiran baƙi ya zauna a bakin yaro, ko ba ya jin Turanci zai gane abin da yake gani, kuma zai san daga zaurensa ya fito.

Allah ya ƙara wa Mardiyya basira, ya bar ki da albarkar mahaifinki. Ni ma kada a manta da ni wajen rabon masa.

Gwaggo Laraba